An rage kuɗin ruwa zuwa kashi 27: yaushe zai iso kasuwa?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya Talata, 23 ga Satumban 2025, Babban Bankin Najeriya ya sanar da rage kuɗin ruwa daga kashi 27.5 zuwa kashi 27. Tun safe gidajen rediyo ke ta maimaitawa, an ce rabon da a rage shi tun 2020. Ni a Kwari nake, shadda da yadi nake kawowa. Kwanakin baya na nemi bankin da nake hulɗa da shi ya cika mini kuɗin kwantena, suka yanka mini ruwan da ya haura kashi 30 a shekara, ban da kuɗin takardu, kuma in kawo takardar gida jingina. Kwantena sai ta yi watanni a hanya, ta iso kaya su yi wasu watannin a shago, ga 'yan sari da ke ɗauka bashi sai sun sayar su kawo. Ribar da ke cikin dila ba ta ɗaukar wannan ruwan, sai na haƙura. Tambayata ga masana: wannan rabin kashin da aka rage me zai canza mana? Kuma tun farko me ya kai shi can sama?

Baba Akanta:
Wa alaikumus salam Abban Hanifa. A banki na yi aiki har na yi ritaya, don haka bari in gaya maka tun da wuri, wannan ragin ba za ka ji shi a bana ba. Adadin da ake sanarwa tushe ne kawai. Bankinka zai ɗora kuɗin gudanarwarsa a kai, ya ɗora fargabar kada ka kasa biya, ya ɗora ribarsa. Tushe yana 27, ƙaramin ɗan kasuwa ba zai samu ƙasa da 30 ba.

Akwai wani abin da aka taɓa jiyan wanda a wurina ya fi wannan nauyi, amma ba a cika maganarsa ba. Cikin kowace naira 100 da jama'a suka ajiye a banki, akwai kason da dole bankin ya kai Babban Banki a kulle. A farkon 2024 naira 32.5 ce. A Fabrairun shekarar aka mai da ita 45, a Satumba ta zama 50. Rabin ajiyar mutane ke nan banki ba shi da ikon ya ba da rancenta. Jiya aka dawo da ita 45. Wannan ne zai ɗan sakar wa bankuna hannu.

Batun me ya kai shi sama kuwa, lokacin da Olayemi Cardoso ya karɓi bankin a Satumbar 2023 ya tarar da shi a 18.75. Zaman farko da ya jagoranta a Fabrairun 2024 aka ƙara kashi 4 a tashi ɗaya, ya koma 22.75. Maris 24.75, Mayu 26.25, Yuli 26.75, Satumba 27.25, Nuwamba 27.5. Sau shida a shekara guda. Naira ce ke zubewa a lokacin, shi ya sa.

Ɗan Wapa:
Baba ya faɗi gaskiya, mu da muke bakin canji mu muka ga abin da idonmu. Fabrairun 2024 ba zan manta da ita ba. Farashin da ka faɗa wa mutum kafin azahar, in ya dawo bayan la'asar ba shi ba ne. Dala ta doshi naira 1,900. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne irin mutanen da ke zuwa saye. Da mun saba da mai zuwa Umara, mai biyan kuɗin makarantar yaro a waje, da ɗan kasuwa mai oda. A watan nan sai ga ma'aikaci da albashinsa yana neman dala 50, ga mata sun sayar da gwal suna so a mayar musu da kuɗin dala. Ba wanda ke son naira ta kwana a hannunsa. Da aka ƙara ruwan nan, aka kuma ce an biya bashin dala biliyan 7 da ake bin Babban Banki, kafin tsakiyar Afrilu dala ta sauko wajen 1,100. Waɗanda suka saya a sama sun ji jiki ƙwarai. Daga baya ta sake hawa 1,600 da wani abu, a Satumbar 2025 tana wasa a wajen 1,500, kuma tazarar da ke tsakaninmu da banki ta zama 'yar kaɗan. Ni an taɓa sana'ata, don a Maris 2024 an soke lasisin 'yan canji sama da 4,000, amma ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, kasuwa ta natsu.

Malam Na Samaru:
Sannunku da ƙoƙari. Baba, da girmanka, ina da ja a kan wani ɓangare. Ƙara kuɗin ruwa magani ne na tsadar da yawan kuɗi a hannun jama'a ya haifar: mutane suna ta cin bashi suna saye, sai a tsaurara bashin su lafa. To a 2024 wane ne a Arewa yake saye da kuɗin bashin banki? Tsadarmu daga ina ta taso? An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar gwamnati ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta. Ga manoman Zamfara, Katsina, Sakkwato da Neja da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Ko an kai ruwa kashi 40, ba zai mayar da mutumin Batsari gonarsa ba, ba zai rage kuɗin motar da ke ɗauko tumatir ba.

Sannan mu duba yadda jama'armu suke. Fiye da kashi 90 na takardun naira da ke yawo suna wajen banki. Mai shago a Singa da adashe yake tara jari, ko ubangidansa ya ba shi kaya. Irin wannan mutum ba ruwan Babban Banki ne ke hana shi saye ko sa shi saye ba.

Inda na yarda abin ya yi aiki shi ne inda Ɗan Wapa ya nuna, wato ta hanyar dala. An ɗaga ruwa don masu jarin waje su kawo dalarsu su sayi takardun lamuninmu, su ci riba mai tsoka. Sun kawo, asusun ajiyar waje ya haura dala biliyan 40. Amma wannan kuɗi ba masana'anta suka gina ba. Ranar da suka ga wani wuri ya fi, ko suka tsorata, cikin mako guda za su juya.

Baba Akanta:
Malam, ban musa maka ba a kan mai da wuta da tsaro. Amma kada mu ce babu yawan kuɗi a cikin lamarin. Akwai, kuma gwamnati ce ta zuba su. Dokar Babban Banki ta ce abin da zai ranta wa gwamnatin tarayya kai tsaye kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta fita. Zamanin Emefiele, tsohon shugaban Babban Banki, wannan bashi ya taru har naira tiriliyan 22.7, sai a Mayun 2023 majalisa ta amince a mai da shi bashin shekara 40 a kan ruwa kashi 9. Waɗannan kuɗi ba haraji aka tara ba, ba mai aka sayar ba, ƙirƙirarsu aka yi. Suka shiga hannun 'yan kwangila da manya, daga can suka nufi dala. Talaka bai ci bashin ba, amma tsadar da suka jawo a kwanon abincinsa ta sauka. Wanda ya zo ya tarar da wannan, ban ga yadda zai yi ya ƙi ɗaga ruwa ba.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Baba da Malam, ina ta karanta ku, bari ku ji daga wadda abin ke ci. Ina da ƙaramin injin matsar man gyaɗa. Sana'armu da kaka take ƙulluwa: lokacin da gyaɗa ta fito tana araha kake saye ka cika sito, ka yi ta matsa har bazara. In ba ka saya da kaka ba, a hannun masu ɓoyo za ka saya daga baya, ribar ta tafi wurinsu. Jarin da a da yake cika mini sito, bara ko rabi bai kai ba. Na je neman ciko, aka gaya mini ruwan, na zauna da takarda na haɗa kuɗin jarka, kuɗin gas na janareta, albashin yara, har abin da tunkuza ke kawowa na saka, lissafi ya ƙi fita. Dole na rage kwanakin aiki. Cikin matan da ke gyara mini gyaɗa akwai masu marayu, ranar da na ce musu sai dai su riƙa zuwa bi da bi, ban iya kallon idonsu ba.

Abin da nake so ku fahimtar da ni: an ce ana yaƙi da tsada. Ni da nake samar da mai a cikin gida an hana ni jari, na rage abin da nake fitarwa. Mai ya ragu a kasuwa. Ta ina wannan zai sa ya yi araha?

Malam Na Samaru:
Hajiya, tambayarki ita ce zuciyar muhawarar, kuma ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa ta sha yin irin wannan kuka. Bari in ƙara miki wani abin da zai nuna miki inda jarinki ya tafi. Ba ke kaɗai ke neman rance a bankin nan ba, kina takara ne da gwamnatin tarayya. A 2024 gwamnati tana sayar da takardun bashi na shekara guda a kan ruwan da ya haura kashi 20. Sa kanki a matsayin manajan banki: ga gwamnati za ta ba ka sama da 20 ba jingina, ba zuwa duba sito, ba fargabar gobara ko faɗuwar kasuwa. Ga kuma Hajiya mai injin gyaɗa. Wa za ka ba? Shi ya sa a shekarar da masana'antun Sharaɗa da Challawa ke rage ma'aikata, akwai bankunan da suka bayyana ribar da ta haura naira tiriliyan ɗaya.

Kuma gwamnati ba ta da niyyar rage cin bashin. Kasafin 2025 naira tiriliyan 54.99 ne, kusan tiriliyan 14 daga ciki biyan bashi ne kawai. An gina shi a kan za a haƙo ɗanyen mai ganga miliyan 2.06 a kullum a sayar da kowace ganga dala 75. Ba a kai wannan adadin gangar ba, farashin kuma a 2025 ya sauko ƙasa da 70. Giɓin da ya rage da me za a cike shi? Da rance. Ofishin kula da basussuka ya ce a ƙarshen 2024 ana bin ƙasar naira tiriliyan 144.67. Wani ɓangare na hawan bashin, faɗuwar naira ce ta jawo shi, don bashin dala in aka lissafa shi da naira ya kumbura. Ga shi kuma duk lokacin da Babban Banki ya ɗaga ruwa, sabon bashin gwamnati ma tsada yake ƙarawa, sai abin da za a yi asibiti da hanya da shi ya tafi biyan ruwa, sai a sake ranto wani.

Abin ya zama wani yana kwashe ruwa daga ɗaki da ƙwarya, wani yana zubowa ta taga da bokiti. Ni ban ɗora wa Cardoso laifin duka ba. Ina cewa ne an bar masa aikin da ba nasa shi kaɗai ba, kuma irin su Maman Sadiq ne ke biyan kuɗin.

Ustaz Abu Maryam:
'Yan uwa, ina tunatar da kaina da ku. Duk wannan lissafi a kan riba ake yin sa, kuma hukuncinta a bayyane yake a ƙarshen Suratul Baƙara. Abban Hanifa da Maman Sadiq, ku gode wa Allah da lissafin bai fita ba. Muna da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz tun 2012 yake aiki, ga TAJ, ga Lotus. Me ya hana a nufi can?

Abban Hanifa:
Allah ya saka da alheri Ustaz, nasiha ta karɓu. Amma abokan kasuwancina da suka bi ta irin wannan hanya sun ce ribar da ake ɗorawa a kan kayan ita ma ta hau sosai a shekarun nan biyu. Baba, me ke jawo haka, tunda su ba ruwa suke karɓa ba?

Baba Akanta:
Kasuwa ɗaya suke ci da sauran. Bankin da ba ya karɓar ruwa zai sayi kayan ya sayar maka da riba, ka biya a hankali. Wajen yanke ribar dole ya duba abu biyu. Na farko tsadar kaya: in farashi yana hawa da kashi 20 ko 30 a shekara, ya sayar maka a kan ribar kashi 10, kuɗin masu ajiyarsa sun narke. Na biyu, shi ma yana da inda zai sa kuɗinsa hankali kwance, wato sukuk, takardun zuba jari na gwamnati marasa ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. In abin da sukuk ke bayarwa ya hau, kai ma naka zai hau. Bambancin da ke nan, kuma ba ƙarami ba ne, shi ne an yanke farashi tun ranar ciniki. Ko Babban Banki ya ƙara ruwa gobe, ba za a aiko maka da takarda a ce bashinka ya ƙaru ba. Masu bashin bankunan ruwa da yawa a 2024 irin wannan takarda ce ta karya su.

Ustaz Abu Maryam:
To wannan bambancin shi ne abin da nake nufi, Baba. Ciniki ne, an san farashi, an yi yarjejeniya. Tsadarsa wata magana ce daban, halaccinsa kuma daban.

Manomin Kura:
Ni fa duk wanda ya ce mini tsada ta sauka, sai in ce ya zo ya ga a bayan wa ta sauka. A Yulin 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da shinkafa, masara da alkama na kwana 150. Kaya suka shigo, farashi ya karye. Mai saye ya ji daɗi, ban ƙi ba, ni ma ina da iyali. Amma taki bai sauko ba, maganin feshi bai sauko ba, man da muke zuba wa injin ban ruwa bai sauko ba. Yanzu sai ka sayar da buhun masara bai saya maka buhun taki ba. A da akwai shirin Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, ana ba manomi iri da taki bashi a kan kuɗin ruwa kaɗan. Cardoso, shugaban Babban Banki, ya ce ba aikinsu ba ne, ya tsayar. To aikin wa ne? Mutanen ƙauyenmu da yawa sun ce rani mai zuwa ba za su yi shinkafa ba.

Baba Akanta:
Ɗan uwa, kukanka gaskiya ne. Amma shirin nan an zuba masa sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. Akwai manoman gaske da suka amfana, akwai kuma waɗanda ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba suka shiga jerin suna. Kuɗin kuma daga Babban Banki suke fita kai tsaye, irin waɗanda na ce an ƙirƙira. Ni ina ganin daidai ne ya janye. Kuskuren shi ne da ya janye ba a miƙa aikin ga kowa ba. Muna da Bankin Manoma, muna da ma'aikatun gona a tarayya da jihohi. Su ya kamata a ba jari daga kasafi, a san nawa aka ba da, a san wa ya karɓa.

Malam Na Samaru:
A kan saukar tsada da Manomin Kura ya taɓo, a lura da abu biyu. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta ce hauhawar farashi kashi 34.80 ce. A Janairun 2025 ta ce 24.48. Ba kaya ne suka yi araha cikin wata guda ba, ma'aunin aka sabunta, aka daina gwadawa da 2009 aka koma 2024, aka kuma sake nauyin kayayyakin da ke ciki. Sabuntawar ta dace, tsohon ma'aunin ya tsufa, amma kada a lissafa wannan faɗuwar cikin nasarar ƙarin ruwa. Daga Janairu zuwa Agusta kuwa ta sauko zuwa 20.12, wannan saukar ta gaske ce. Na biyu, kashi 20 ɗin ma hawa ne. Abin naira 1,000 bara ya zama 1,200 bana. Mai albashin 70,000 bai ga sauƙi ba, gudun tsadar ne ya ragu.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ku ba mu wuri mu ma, don abin da ya taɓa naira ya taɓa mu. Da can jika guda ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 1,000 ba. A Satumbar 2025 jika tana ba ka sama da 2,500. Mai sefa in ya shigo Jibiya ko Dawanau kaya sun yi mishi araha, shi ya sa kuke ganin motocinmu suna lodi. Amma mai kawo bisashe ya sayar a biya shi da naira, in ya zo canji sai ya ga abin da ya riƙe ya ƙanƙance. Da yawa sun rage zuwa. Mu kuɗinmu a ɗaure suke da yuro, sefa 655.957 kowane yuro guda, ba ya motsi. Akwai kwanciyar hankali a ciki, amma shawarar ruwa a Dakar ake yanke ta, ƙasashe takwas ne ke tarayya. Lokacin takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023 mun ga abin da hakan ke nufi, kuɗin gwamnati aka riƙe, banki ya koma ba ka kaɗan-kaɗan. Ku naku yana hawa yana sauka, amma a Abuja ake zama a kai.

Ummu Zahra:
Ina karatu a Turkiyya, ina so in ja hankalin masu cewa a sauke ruwan da yawa yanzu-yanzu. An gwada a nan. Shugaba Erdogan ya dage cewa ruwa mai yawa shi ke kawo tsada, aka yi ta ragewa daga kashi 19 a 2021 har 8.5 a farkon 2023, alhali farashi yana hawa. Lira ta zube, tsada ta kai kashi 85 a Oktobar 2022. Kuɗin hayar ɗakin ɗalibai sai da ya gagari da yawa daga cikinmu. Bayan zaɓen 2023 suka juya, suka yi ta ƙarawa har kashi 50 a Maris 2024. Maman Sadiq, wallahi na ji zafin labarinki, amma in aka sauke da gaggawa dala ta koma 1,900, gas ɗin janaretanki da kayan gyaran injinki su za su fara tashi.

Ɗan Zango Kumasi:
Mu kuma a Gana ɗaya gefen muka gani. Babban bankinmu ya yi ta ɗaga ruwa har kashi 30 a 2023, amma gwamnati ta riga ta ci bashin da ya fi ƙarfinta. Tsada ta kai kashi 54 a Disambar 2022, a cikin Disambar ce kuma gwamnati ta ce ba za ta iya biyan yawancin bashin waje ba. Waɗanda suka sayi takardun gwamnati a gida suna ganin babu inda ya fi nan aminci, aka ce su karɓi sababbi masu ƙaramar riba da dogon lokaci. Tsofaffi 'yan fansho sai da suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra. Ƙarshe sai wurin IMF, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka je aka karɓo dala biliyan 3. Don haka maganar Malam ita ce tawa: ku sa ido a kan bashin gwamnati fiye da sanarwar Babban Banki.

Maman Sadiq:
Ƙanwata Ummu Zahra, na gode, na kuma fahimta. Ni ban ce a sauke shi gaba ɗaya ba. Abin da ke ci mini rai, mu aka ce mu ɗaure ciki, amma ban ga alamar ɗaurewa a sama ba. Ana cewa tun da aka cire tallafi kuɗin da ake raba wa gwamnoni ya ninka. Ina suke shiga?

Malam Na Samaru:
Ya ninka har ya wuce, Hajiya. Kafin cire tallafi abin da ake rabawa tsakanin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi a wata yana wajen naira biliyan 700. A 2025 akwai watan da ya haura tiriliyan 2. Kuma wannan ma yana cikin abin da ke ɗaure wa Babban Banki hannu, don duk ranar da aka saki kuɗin nan sai sun cika bankuna, wani kaso ya nufi dala. Shi ya sa a sanarwar jiya aka ce kuɗin hukumomin gwamnati da ke ajiye a bankunan kasuwanci, waɗanda ba sa cikin asusun bai-ɗaya na gwamnati da ke Babban Banki, kashi 75 nasu za a kulle. Babban Banki da kansa yana nuna inda yake jin tsoro.

Da jihohinmu za su ɗauki wani kaso na wannan ƙarin su sa a wutar unguwannin masana'antu, tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba su dama, su gyara madatsun ruwa da hanyoyin ƙauye, su kafa asusun lamuni da zai tsaya wa masu ƙananan injina a gaban banki, da ke kin samu sauƙin da rabin kashin jiya ba zai ba ki ba. Ni a ganina akwai sararin a ƙara ragewa a zaman Nuwamba, tunda tazarar ruwa da tsada ta kai kusan kashi 7, Amurka ma ta rage nata a makon jiya.

Baba Akanta:
A nan za mu rabu, Malam. Ni da ina cikin mutum 12 ɗin da ke zaman yanke kuɗin ruwa a Babban Banki, a Nuwamba ba zan taɓa shi ba sai na ga kasafin 2026. Shekarar jajibirin zaɓe ce. Kowane gwamna zai so ya buɗe aiki, kowane ɗan majalisa zai cusa nasa, sababbin dokokin haraji kuma sai Janairun 2026 za su fara, ba a san abin da za su kawo ba. In giɓin ya faɗaɗa kuma farashin ɗanyen mai bai tashi ba, wanda ya yi saurin ragewa zai dawo ya ƙara, kuma ƙarin bayan ragi ya fi tsorata kasuwa. Abban Hanifa, in kana son sanin ranar da bankinka zai sauko, ka riƙa sauraron ruwan da gwamnati ke biya a gwanjon takardunta. Ranar da ya faɗi sosai, manajan da kansa zai neme ka.

Ɗan Wapa:
Baba, batun zaɓen nan ka taɓo inda yake. A 2022, makonnin zaɓen fid da gwani, dala ƙarewa ta yi a hannunmu, ana zuwa da buhunan naira ana neman ko nawa ne, ba a ko tsayawa ciniki. Zaɓen fid da gwani na gaba a 2026 zai faɗo. Duk wanda ke da oda a waje ko kuɗin makarantar da zai biya baɗi, ni shawarata ya sa wannan a lissafinsa tun yanzu.